Makarantar Lahadi a Legas: manya da Hausa, yara da Turanci

Makarantar Lahadin da 'ya'yana ke zuwa a nan Agege ta fi wadda na yi a Zariya kayan aiki, nesa ba kusa ba. Akwai littattafai masu hotuna, an raba yara aji-aji gwargwadon shekaru, malamai kuma suna barin yaro ya yi tambaya. Mu a gindin darbejiya muka zauna, ɗan shekara 5 da ɗan shekara 13 a benci guda, malam da tsumagiya a gefe. Ba na kewar tsumagiyar nan. Ta sa yara da yawa sun haddace aya don tsoro, ba su san abin da take faɗi ba.

Amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mu manya muna sujada da Hausa, Zumuntar Mata na kaɗa tulu suna waƙa, su kuwa yara suna ɗakin baya da Turanci zalla. Ayar haddacewa, Addu'ar Ubangiji, Dokoki Goma, duk da Turanci. In an je gida Kirsimeti, kaka ta ce, "Zo, maigidana, ka yi mana addu'a," sai yaro ya sunkuyar da kai. Ko ya yi, tsohuwa amin kawai za ta ce, ba ta ji abin da jikanta ya roƙa ba.

Malamai na cewa yaran ba sa jin Hausa sosai, kuma gaskiyarsu. A makaranta Turanci, a layi Yarabanci da buroka. Sai dai a gida Arewa makarantar Lahadi ba ita kaɗai ke ɗauke da kayan ba. Akwai addu'ar asuba ta iyali, akwai Birged, ƙungiyar horar da yara ta majami'a, akwai maƙwabciyar da za ta tsayar da kai a hanya ta ce ka kawo ayar makon jiya. A Legas uba ya fita tun kafin gari ya waye don gudun cunkoso, ya dawo yara sun yi barci. Awa guda ɗin nan ta Lahadi ita ce kusan duk abin da yaro ke samu, shi ya sa harshen da ake amfani da shi a cikinta ba ƙaramar magana ba ce.

A nan Legas ɗin 'yan mishan Bingham da Gowans da Kent suka sauka a 1893, suna neman hanyar Arewa, aikin da ya haifi ECWA a 1954. An sha wahala kafin cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, aka sabunta shi a 1979. Da wannan harshe Bajju da Ngas da Tangale da Bura ke durƙusawa wuri ɗaya har yau, a Agege ko Obalende ko barikin Ojo. Iyayenmu mata da yawa a majami'a suka koyi karatu, da Hausa. Dama tun da Robert Raikes ya fara tara yara a Gloucester ta Ingila a 1780, koyon karatu na cikin aikin makarantar Lahadi.

Ban ce a kori Turanci ba, yaran nan a Legas za su yi rayuwa. Abin da nake roƙon dattawan ikkilisiya shi ne a ba da ayar mako da harsuna biyu, a koya waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi kowace Lahadi, a kuma riƙa tura iyaye mata daga Zumunta su shiga ajin yara bi da bi, maimakon a bar wa 'yan mata biyu yara arba'in. Littafi Mai Tsarki na Hausa ba wuyar samu yake da shi a nan ba, hedkwatar Bible Society, ƙungiyar da ke buga shi, tana Apapa. In baikon Lahadi ɗaya bai isa a saya wa kowane aji ba, mu iyaye mu cika sauran.