Haya ɗaya, tukunya biyu: gyaran da tallafin abinci na Amurka ke buƙata

A shekarar 1971 majalisar dokokin Amurka ta yi wa dokar tallafin abinci ta 1964 kwaskwarima, ta haramta tallafin ga duk gidan da wani wanda ba dangi ba yake zaune a cikinsa. Matasan da suka bar gidajen iyayensu suna zaman gungu aka nufa, amma waɗanda abin ya faɗa wa su ne talakawan da tsadar haya ta tilasta wa haɗa muhalli. Jacinta Moreno, mai shekara 56 da ciwon sukari, tana zaune ne da wata mata mai 'ya'ya uku da ke kula da ita. Dala 75 take samu a wata, 50 na tafiya a haya da gas da wuta, kuma bayan kuɗin motar asibiti da na wanki, dala 10 kacal ke rage mata. Duk da haka aka hana ta, don kawai ba su haɗa jini ba. A 1973 Kotun Ƙoli ta soke wannan sharaɗi da rinjayen alƙalai 7 a kan 2.

Yau shirin, wanda ake kira SNAP tun 2008, tukunya yake dubawa: waɗanda ke cefane da girki tare gida ɗaya ne, a haɗa kuɗin shigarsu, kuma a ƙa'ida kada ya wuce kashi 130 cikin 100 na ma'aunin talauci. Wannan ya fi na da adalci, amma da sauran rina a kaba. Uwar da ke raba haya da wata abokiyar aikinta, idan suka riƙa dafa abinci tare, za a lissafa albashin abokiyar tamkar ita ce mai ciyar da yaran, alhali babu dokar da ta ɗora mata wannan nauyi, kuma gobe tana iya kwashe kayanta. Sai ka ga an raba firji, kowa da ɓangarensa, ana hura wuta sau biyu a kicin ɗaya, abin da ya fi tsada ga mutanen da tsimi ne ya haɗa su tun farko.

Masu kare tsarin suna cewa girki tare yana rage kashe kuɗi, kuma sassauci zai buɗe ƙofar maguɗi. Maganarsu da ƙamshin gaskiya, sai dai maganin maguɗi bincike ne, kuma abin da ya dace a ƙirga shi ne abin da mutum ya bayar a zahiri. Tun 1968 Kotun Ƙoli ta soke dokar jihar Alabama da ke yanke wa yara tallafi saboda namijin da ke mu'amala da uwarsu, bisa hujjar cewa ciyar da su bai wajaba a kansa ba. Dokar SNAP ma ta yarda a ware ɗan shekara 60 ko sama da haka wanda naƙasa ta hana shi girki, a ɗauke shi gida mai zaman kansa, muddin kuɗin shigar sauran mutanen gidan bai wuce kashi 165 cikin 100 na ma'aunin talauci ba. Ya kamata majalisa ta faɗaɗa wannan rangwame ga iyaye masu ƙananan yara da ke zaune da waɗanda ba danginsu ba.