Ku ce kun kore su gida, ku daina cewa suna karatu

Na ga har wasu suna yaba wa makarantar nan, wai ta nuna ta damu da lafiyar yara. To ni dai ban ga abin yabo ba, kuma tun da sanarwar ta faɗo guruf ɗin iyaye raina yake a ɓace. Ba zan kama suna ba. Waɗanda 'ya'yansu ke can sun san inda na dosa, sauran kuma kowa ya duba tasa, da wuya ta bambanta. Yaro ɗaya ya yi zazzaɓi da tari, a tsakiyar hunturun farkon 2021 da ƙura ta sa rabin gari mura, ba a kai shi gwaji ba, ba a kira kowa daga ma'aikatar lafiya ba, sai kawai aka tashi aji guda cur saboda tsoron korona, wai kowa ya koma gida ya killace kansa kwana 14, za a ci gaba da darasi ta Zoom, manhajar nan ta taro ta bidiyo. Can ƙasa kuma aka tuna mana cewa kuɗin zango yana nan yadda yake, har da ƙarin wani abu da aka raɗa wa suna kuɗin karatun intanet. Madalla. Sannunku da ƙoƙari.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma zan ta nanata shi har ku gaji da ni: ku ce kun kore su gida, ku daina cewa suna karatu.

Mu fara da killacewar ma tukuna. A ina yaron zai killace kansa? Wanda ya tsara dokar kwana 14 ɗin nan, a ransa yana hango gida ne mai ɗakin yaro daban, banɗakinsa daban, ana ajiye masa abinci a bakin ƙofa. A unguwarmu fa? Gidan haya, iyalai shida, tsakar gida ɗaya, bayi ɗaya, randa ɗaya da moɗa ɗaya. Yaron da kuka sallamo ƙarfe tara na safe, kafin azahar an aike shi shago sau uku, ya kai markaɗe, ya buga ƙwallo a layi da yaran wasu makarantu goma. La'asar na yi ya ɗauki jakarsa sai Islamiyya, inda za su zauna kafaɗa da kafaɗa a kan tabarma. Da daddare kuma a ɗakin kakarsa yake kwana, tsohuwa mai hawan jini da ciwon suga, wato daidai irin mutanen da likitoci suka ce cutar ta fi yi wa illa. Idan da gaske yaron ya kwaso wani abu, kun ɗauke shi daga cikin sa'o'insa da cutar ba ta cika jigatawa ba, kun kai wa Hajiya har gadonta. Makaranta ta wanke hannunta, shi ke nan abin da ya faru. Babu wanda aka killace.

Sai kuma uban gayyar, karatun Zoom. Na zauna na kalli yadda ake yin sa a gidan yayata, don haka kada wani ya zo yana karanto min abin da ya gani a YouTube. Babbar waya ɗaya ce a gidan, ta maigidan, shi kuma da ita yake sana'a, sai ya haƙura ya bar ta ya fita da 'yar rakani-kashi. Babu wuta tun daren jiya, an kai wayar shagon mai caji da sassafe, an karɓo ta da rabin caji. Yarinya ta jingina ta da gwangwanin madara, ƙannenta biyu sun rufu a kanta suna son ganin fuskarsu. Malama ta bayyana, ta daskare, ta ɓace, ta dawo. "Kuna ji na? Yara kuna ji na?" Wani yaro bai kashe makirfonsa ba, muna jin mahaifiyarsa tana ciniki da mai kayan miya, har mun san nawa aka bar mata tattasai. Injin markaɗen makwabta ya tashi. Aka yi ta kiran suna ana jiran amsa. Da malama ta ce a buɗe shafi kaza, minti 40 ɗin da Zoom ke bayarwa kyauta ya cika, layi ya katse. Yarinyar ta ɗago ta ce, "Kawu, an tashi ne?" Na ce mata an tashi. Data kuma ta tafi.

A rajistar makaranta, an rubuta cewa ranar an yi darasin lissafi.

Na san abin da za a fara jefo min a ƙasa: ai lafiya ita ce gaba da komai, Malam, gara a rasa zango da a rasa rai. Wa ya ce a'a? Ni ba na cikin masu cewa korona ƙarya ce ko ciwon masu kuɗi. Duk wanda ya zauna a Kano a watan Afrilun 2020, ya ga yadda manyan mutane suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, ya ji abin da masu haƙar kabari suke faɗa, ba ya buƙatar wani ya yi masa lacca. Kuma killacewa ba baƙon abu ba ne a wajenmu, hadisi ne ingantacce cewa idan annoba ta ɓulla a gari kada na waje ya shiga, na ciki kuma kada ya fita, kuma Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda haka. To amma ku lura, cewa aka yi na ciki kada ya fita. Ku kuma me kuka yi? Kun buɗe ƙofa kun watsa yara 40 cikin unguwanni 40. In lafiyar ce ta dame ku, ku kai yaron a gwada shi. Ai zuwa 2021 an samu wuraren gwaji, ba kamar farkon abin ba. In ya fito babu, kowa ya koma aji gobe. In ya fito da ita, a kira jami'an lafiya su bi waɗanda suka zauna kusa da shi. Wannan shi ne aikin, amma yana da wahala, tura saƙo a WhatsApp kuma ba shi da ita.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, mun riga mun gwada wannan abin fa. Ranar 19 ga Maris 2020 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu. Ba a koma sosai ba sai wajen 12 ga Oktoba. Kusan wata bakwai. A cikin wata bakwai ɗin nan babu irin sunan da ba mu ji ba: dandalin karatu na intanet, azuzuwan zamani, koyo daga gida. Ku tambayi kowane malamin firamare mai tsoron Allah abin da ya tarar da aka dawo. Yaran da suka fara haɗa baƙi sun mance. 'Yan aji huɗu sun koma ƙirga da yatsu. Aka tattara su haka nan aka tura aji na gaba, don a takarda ba su rasa komai ba, ai suna ta karatu a gida. Ƙaryar nan ita ce take cutar da mu fiye da rufewar kanta. Da an ce an rasa wata bakwai, da an zauna an nemi yadda za a rama. Tunda an ce ana karatu, babu abin ramawa.

Abin da na ga ya yi ma'ana a lokacin, gaskiya, shi ne darussan rediyo da jihohi irin su Kano da Kaduna suka riƙa sakawa. Rediyo ba ta neman data, ba ta neman sabis, batir biyu sun ishe ta, kuma babu gidan da babu ita. Saliyo ma da ita ta lallaɓa lokacin Ebola, da makarantunta suka yi wata da watanni a rufe daga 2014 zuwa 2015. Ita ma rediyon ba aji ba ce, yaro ba zai ɗaga hannu ya ce malam ban gane ba, amma aƙalla wanda ya kawo shawarar ya san a wace ƙasa yake zaune. Sai dai ina, rediyo ba ta da aji a idon masu makarantun kuɗi. Ba a iya rubuta kuɗin rediyo a takardar biya.

Wani zai ce ai duniya ta ci gaba, dole yaranmu su saba da fasaha. Naam, su saba. Ka fara kawo wutar. A Satumbar 2020 aka ƙara kuɗin lantarkin da ba ma gani, a lokacin litar mai ta haura naira 160, mafi ƙarancin albashi yana naira 30,000, shi ma ba kowace jiha ta riƙa biya ba. Mai 'ya'ya huɗu a azuzuwa huɗu, dukkansu darasi ƙarfe goma na safe, waya nawa zai saya? Je ka dawo, sai mu yi maganar fasaha.

Ni da ma a ce dokar kowa ta hau, da na yi shiru. Makarantu suna rufe aka yi zaɓen gwamna a Edo ranar 19 ga Satumba 2020, aka cika filaye da jama'a ana rawa. Aka yi na Ondo 10 ga Oktoba. Mu nan Kano ranar 16 ga Janairu 2021 muka yi na ƙananan hukumomi, kwana biyu kafin a koma makaranta, ban ga an auna zafin jikin kowa a wajen kamfe ba. Da ka shiga kasuwar Kwari ko ta Sabon Gari a lokacin ka ƙirga masu takunkumi, waɗanda ke da shi ma a haɓa suka rataye. A Daidaita Sahu mutum huɗu a baya, ɗaya a gefen direba. Bukukuwa kuwa sai wanda ya gaji. Ashe cutar nan 'yar boko ce, ba ta zuwa ko'ina sai aji. Kuma kada mu manta da abin al'ajabin nan na ma'aikatar jin ƙai, da ta ce ta kashe sama da naira miliyan 500 wajen ciyar da 'yan makaranta a Legas da Ogun da Abuja alhali makarantun a kulle suke. To tunda an iya ciyar da yaro a makarantar da take rufe, me zai hana a koyar da shi a wayar da babu caji? Duk tafiyar ɗaya ce.

Bari in sauke murya kaɗan, don akwai waɗanda ba na so maganata ta shafa. Malaman nan ba su da laifi. Malamar da na gani tana ta kiran "kuna ji na", da kuɗinta ta sayi datar, a wayarta, daga ɗakinta, jaririnta na kuka a bayanta. Da yawa daga malaman makarantun kuɗi ba su ga albashi ba tsawon kullen 2020, wasu rabi aka ba su, wasu sun koma sayar da kaya ba su dawo ba. Kuɗin karatun intanet ɗin da ake karɓa a hannunmu, ina so wani ya rantse min cewa yana isa hannunta.

Kuma mu da muke wannan ƙorafin, mu ne masu dama-dama, tunda har muna da wayar da za mu yi faɗa a kanta. Tun kafin korona UNICEF take cewa yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan, mafi yawansu a wajenmu. Duk ranar da aka rufe aji, akwai yarinyar da za a ɗora wa farantin talla, in aka buɗe ba za a sauke shi ba, don gida ya riga ya saba da kuɗin. Akwai wadda za a ce tunda zama take yi gara a kawo kuɗin gaisuwa. Akwai yaron da zai bi wani gareji ko ya fara karɓar kuɗi a bayan mota, ya ɗanɗana ɗari biyar a aljihu, ya ga malam ba shi da abin da zai faɗa masa. Kowa a cikinmu ya san aƙalla ɗaya. Shi ya sa rufe aji ba abin da ake yi da saƙon waya ba ne tsakanin shayi da karin kumallo. In ya zama dole, to ya zama dole, amma a san abin da aka ɗauka, a faɗe shi da sunansa.

Kuma ba wai babu abin yi ba ne. A raba ajin biyu, wasu safe wasu yamma. A buɗe tagogin nan da aka ƙulle da ƙusa. A fito da benci gindin bishiya, ai a nan da yawanmu muka yi namu. Bokitin nan mai famfo da aka ajiye a bakin get don masu duba makarantu, a riƙa zuba masa ruwa. In har sai an zauna a gida, a buga aikin a takarda, iyaye su zo su karɓa ranar Litinin su mayar ranar Alhamis, malama ta duba da jan biro. In duk ba za ku iya ba, ku rubuto mana cewa mun rufe ajin nan mako biyu, babu karatu, za mu rama a hutu ko mu rage muku kuɗi. Wallahi da na fi girmama ku. Ku dai daina cewa suna karatu.

Af, tunda ana maganar waya. Shi layin da ake cewa yara su yi karatu da shi, tun Disambar 2020 aka fara mana barazanar za a toshe shi in ba mu haɗa da lambar NIN ba, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Maigidan yayata sammako yake yi wajen rajistar, ya rubuta suna a takarda, ya shiga cikin ɗaruruwan mutane ana ture-ture har rana ta take, a ce sabis ya ɗauke a dawo gobe. Can babu tazara, babu kwana 14, babu mai auna zafi. Wayar kuma dole ya tafi da ita don a cikinta layin yake. Ƙaninsa da ke jami'a shi ke riƙe masa wuri a layin jira wani lokacin, tunda shi ma yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, ya ba shi hutun wata tara a 2020, ya ƙware a zaman jira. In akwai wanda ya san inda ake yin rajistar nan ba tare da an kwana a titi ba, don Allah ya yi min magana ta inbos.