Samari, Rakin Nan Ya Isa

Jiya da la'asar na tsaya kallon samari suna tseren keke a filin bayan unguwarmu. Wani dogon yaro ya zo na uku. Ko gama tsayawa bai yi ba ya yi jifa da keken har sarƙa ta zame, ya hau rantsuwa wai an tare masa hanya, wai shi da keke har abada. Wallahi raina ya ɓaci.

Ƙannena, wannan rakin ya yi yawa. An ɗan matse ka, sai ka watsar da abu ka tafi kana ƙunƙuni. A makaranta malami ne ba ya sonka. A shago maigida ne mugu. Kowa ya ci zomo ai ya ci gudu!

A Chicago aka fara gasar duniya ta tseren keke a zagayayyen fili, a 1893. Bayan shekara shida, a Montreal ta Kanada, wani baƙar fata ɗan Amurka, Marshall Taylor, wanda ake kira Major, ya lashe tseren mil ɗaya yana ɗan shekara 20. Kun san abin da ya sha kafin nan? Tun 1894 babbar ƙungiyar masu keke ta ƙasarsu ta hana baƙaƙe shiga cikinta. Akwai filayen da ko ƙofa ba a buɗe masa. Abokan tsere kan haɗa baki su sa shi a tsakiya. A 1897 wani ya shaƙe shi bayan an gama tsere har ya suma, tara kawai aka ci mutumin. Shi ne za a ce an tare wa hanya, amma ya farfaɗo ya koma kan sirdi.

Ga shi ba ya shan giya. Namu kuwa, ƙwaya da maganin tari sun cinye ƙarfin, sai latsa waya har asuba, ina numfashin tsere zai fito?

Da can yaro ya faɗi ya kuje gwiwa, kunya ma ba za ta bar shi ya kai ƙara gida ba. Sai ya karkaɗe wando, ya miƙe kan keken tsakanin cinyoyinsa, ya sake hawa. Ina waɗannan yaran suka tafi? Ku yi wa kanku faɗa, mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Ƙanin dogon yaron nan na jiya ne, ɗan ƙarami, ya durƙusa ya mayar da sarƙar, hannunsa duk baƙin mai, ya tura keken zuwa gida.