Wa Ke Shanye Man Alhaji?

Alhaji ya sayi sabuwar jif, irin ƙananan nan na alfarma, ajin su BMW X3 da Audi Q5 da Lexus NX. Kujerun fata, rufin gilashi, ga ƙamshin sabunta. Mako uku yana yabonta. A na huɗu ya taso Direba a gaba har garejin Bakanike, takardar kamfani a hannun dama, rasit ɗin gidan mai a hagu.

ALHAJI: Injiniya, ajiye sifanar nan, shari'a na kawo maka. Ko dai motar nan tana yoyo, ko yaron nan yana da tiyo.

DIREBA: Ranka ya daɗe, ni da ko warin fetur hawa mini kai yake yi?

ALHAJI: Rufe mini baki! Duba nan, Injiniya. Kamfani ya rubuta lita 7.5 a kilomita 100. Na zuba lita 60. Ko ɗan firamare ya san kilomita 800 ke nan. Mako guda, maleji na nuna 450, fitilar mai ta kawo. Ina 350 ɗina?

BAKANIKE: (ya leƙa ƙarƙashi, ya shinshina, ya miƙe) Ko ɗigo babu, Alhaji. Lita 13 da 'yan kai take sha.

ALHAJI: To ka ji! Saura tiyo.

BAKANIKE: Bi a sannu. Wannan 7.5 ɗin, ka san inda aka auno ta?

ALHAJI: A kan titi mana. Ko a kan ruwa ake tuƙa mota?

BAKANIKE: A cikin ɗaki.

ALHAJI: Ɗaki?

BAKANIKE: Ɗaki mai ƙofa da taga. A ɗaure motar tamau, tayoyinta a kan wasu gangunan ƙarfe masu juyawa, a sa mata fanka a gaba. Direba ya zauna yana bin wani layi a allo, in layin ya hau ya taka, in ya sauka ya sassauta. Minti 30, kilomita 23 da ɗoriya, alhali ko bakin ƙofa ba ta kai ba.

DIREBA: Yallaɓai, don Allah suna ɗaukar ma'aikata?

BAKANIKE: Sunan gwajin WLTP, Turawa suka fara aiki da shi a 2017. Yanayin ɗakin digiri 23, ba zafi ba sanyi. Babu tudu, babu rami. Esi kuma a kashe.

ALHAJI: A kashe? Motar da na saya saboda sanyinta? Ashe ƙarya suka shirga mini!

BAKANIKE: Ba ƙarya ba ce, sikeli ne. Kowace mota a nan ake ɗora ta don a san wadda ta fi wata sha. Kai ne ka ɗauke shi alkawari. Kuma ka gode wa Allah, na da can, NEDC, ya fi wannan daɗin baki. Zuwa 2016 abin da motoci ke sha a titi ya ɗara na takarda da wajen kashi 40 cikin 100.

ALHAJI: Na yanzun fa?

BAKANIKE: Sabbin motocin Turai suna da na'urar da ke rubuta duk abin da suka sha. Hukumar Tarayyar Turai ta tattara na motocin 2021, ta fitar da rahoto a 2024: masu fetur sun wuce takarda da kusan kashi 24, masu dizal da 18. Saboda haka 7.5 ɗinka, a hannun mai hankali, 9 ce da ɗan kai.

ALHAJI: A hannun mai hankali. Ka ji ko, Direba?

DIREBA: Na ji, ranka ya daɗe. Allah Ya ba mu.

(Bakanike ya ɗauko alli, ya durƙusa a ƙasan gareji. Shi dama ba ya yarda da lissafin da ba a taka shi da ƙafa ba.)

BAKANIKE: Kilomita 450, a wannan ma'auni, lita 42. Saura 18 muke nema. Direba, in kun fito da safe, ina kuka nufa?

DIREBA: Ofis. Kilomita 3.

BAKANIKE: Inji bai gama ɗumi ba kun iso. Inji mai sanyi kuwa zari yake yi. Daga nan fa?

DIREBA: (ya saci kallon Alhaji) Daga nan... sai Alhaji ya ɗan yi waya.

ALHAJI: 'Yar gajeriya.

DIREBA: Gajeriya ce, ranka ya daɗe. Ta jiya ma ba ta cika awa ɗaya ba sai da mintuna biyu.

BAKANIKE: A ina?

DIREBA: A kujerar baya. Ya ce esin mota ya fi na ofis ratsa jiki.

BAKANIKE: Inji a kunne?

ALHAJI: Amma ai a tsaye take! Motar da ke tsaye me za ta sha?

BAKANIKE: Alhaji, dokin da ke ɗaure a turke azumi yake yi? Inji mai girman wannan, yana tsaye yana ruri da esi, a awa yakan lashe wajen lita guda. Kilomita nawa aka yi? Sifiri. Da rana fa?

DIREBA: Da rana Alhaji yakan ɗan yi tunani.

BAKANIKE: Tunani?

DIREBA: Ido a rufe. Kujera a kwance. Wani lokacin tunanin har da sauti.

ALHAJI: Kai! Wa ya tambaye ka sauti?

BAKANIKE: Awa biyu a yini, sau bakwai, lita 14. Ana zaton wuta a maƙera, ga ta a kujerar baya. Saura 4.

ALHAJI: Yauwa! Waɗannan huɗun na tiyo ne.

DIREBA: Ranka ya daɗe, in faɗi zancen maɓallin nan?

ALHAJI: Wane maɓalli?

DIREBA: Wanda ka ce kada in kuskura in kashe, mai sa allo ya yi ja, mota ta riƙa gurnani. Ka ce in mun tsaya a danja kusa da motar abokinka, kada in bari ya ga komai sai lambarmu ta baya.

ALHAJI: Wannan maganar mutunci ce, ba ta mai ba.

BAKANIKE: Mutuncin da fetur yake tafiya. Ka ga injin nan, silinda huɗu ne kacal, amma an ɗaura masa turbo har yana ba da ƙarfin doki wajen 250. In ka lallaɓa totur, sha yake kamar ƙaramar mota, shi ya sa yake cin jarrabawa a ɗaki. In ka taka, turbo ya cusa iska, iska kuma ba ta shiga ita kaɗai, sai da rakiyar mai. Ga nauyi, kilo 1,800 ko fi, ga ƙafa huɗu duk suna ja. Kowane tashi daga danja sai an biya kuɗin ɗaga wannan kaya, kowane birki kuma an zubar da abin da aka biya.

ALHAJI: To a babbar hanya ai babu danja.

BAKANIKE: Nawa kuke yi?

DIREBA: Ni 100 nake so. Alhaji yakan ce ko jana'iza muke rakawa, sai in kai 130.

BAKANIKE: Daga 100 zuwa 130, turjiyar iska takan ƙaru da wajen kashi 70. Jif kuwa doguwa ce, ƙirjinta faffaɗa, kamar mai gudu da buɗaɗɗiyar laima. (ya daki taya da ƙafa) Wannan ma iskarta ta yi ƙasa.

(Alhaji ya yi shiru. Ya zaro waya, ya latsa, fuskarsa ta washe kamar wanda ya tsinci hujja.)

ALHAJI: Na gano bakin zaren. Ba a ba ni mai kyau ba ne. Ga wani a Ingila ya ce tasa tana yin mil 30 a galan, na Amurka ya ce tasa 25. Ta Ingila zan sa a kawo mini.

BAKANIKE: Mota ɗaya ce, Alhaji, galan ne biyu. Na Ingila lita 4.5, na Amurka 3.8. Su biyun duk lita 9.4 suke sha a kilomita 100.

DIREBA: To a kawo mana galan ɗin Ingilar, ranka ya daɗe, ya fi arha.

ALHAJI: Za ka yi shiru ko sai na sallame ka?

BAKANIKE: Ga abin yi. Ku cika tanki har famfo ya katse da kansa, ku mayar da maleji sifiri. Mako guda babu waya a mota, babu tunani, allo ya koma fari. Ku koma famfon nan dai ku sake cikawa. Litar da ta shiga, a raba da kilomita, a ninka da 100. Kada ku dogara da lambar da motar ke nunawa a allo, takan ɗan yi wa kanta sassauci.

ALHAJI: In ta sauko 9 fa?

BAKANIKE: Ka ba yaron nan haƙuri.

ALHAJI: In ba ta sauko ba?

DIREBA: To... ranka ya daɗe, tunda ana maganar gaskiya. In ka shiga taro ka bar ni a waje, ni ma nakan ɗan yi tunani.

ALHAJI: A kujerata?!

DIREBA: A'a wallahi, a ta gaba. Kuma nawa ba sauti.

ALHAJI: Injiniya, goge allin nan, a sake lissafi daga farko! Sai an ware nawa an ware nasa. (ya share gumi da hula) Kai, garejin nan naka kamar tanda. Mu shiga ciki mu yi shi a nutse. Direba, tayar da mota, ka ƙure esi.