Mai zuwa ci-rani ƙasar waje, hanyar dawowa zai fara dubawa

Wanda zai je wata ƙasa ya yi shekara biyu ko uku, karatu ne ya kai shi ko aiki ko neman jari, bai kamata ya yi zaɓi irin na mai ƙaura ba. Mai ƙaura damuwarsa inda zai sami takardar zama ta dindindin da inda 'ya'yansa za su tashi. Ɗan ci-rani kuwa dawowa zai yi, don haka tambayarsa ta farko ita ce: in ta ɓaci, yaya zan fito, kuma da me zan fito? Amma ka zauna a majalisar matasanmu ka kasa kunne. Ba ka jin komai sai albashin da ake biya da hotunan da wane ya ɗora a Instagram yana sanye da rigar sanyi.

Ku tuna Sudan. Shekara da shekaru iyaye a Kano da Jigawa da Sakkwato suna ɗaukar Khartum wurin da hankali ya fi kwanciya a tura yaro, musamman 'ya mace: ga addini, ga sauƙin kuɗin makaranta, ga Hausawan can da suka daɗe. Ranar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin azumi, faɗa ya ɓarke tsakanin soja da dakarun kar-ta-kwana na RSF, kuma filin jirgin saman Khartum na cikin wuraren da aka fara bugawa. Ɗalibanmu a motocin safa aka kwashe su, wasu suka yi kwana da kwanaki a bakin iyakar Masar, wasu ta Port Sudan. Wahalar hanya ta wuce. Wadda ta daɗe tana cin mutane ita ce ta takardu: yaro ya yi shekara huɗu yana karatun likita, ya dawo ba shi da shaidar sakamakon da zai nuna wa wata jami'a. Irin wannan ta sami waɗanda suka gudo daga Yukren a 2022. Za a ce ai ba wanda ya san gaibu. Haka ne. Sai dai juyin mulkin Oktoban 2021 da zanga-zangar da ta biyo baya ba a ɓoye aka yi su ba. Mun gani, muka ce Allah zai kiyaye, ba mu ko karɓi takardar sakamako ta shekara-shekara mun ajiye a gida ba.

Saudiyya ce ta fi ba ni tausayi, domin soyayya ke rufe mana ido a kanta. Kowa na son zama kusa da Harami, ni ma haka. Amma zaman aiki a can yana rataye ne a wuyan kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin bizarka. A 2021 an yi gyaran da ya sassauta sauya wurin aiki da fita ƙasar, sai dai bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, kuma nan ne ejan-ejan suka fi tura mutanenmu. Kafili ya kai rahoton cewa ka gudu, shi ke nan, iƙamarka, wato takardar izinin zama, ta zama takardar banza. Wanda kuma ya shiga da bizar Umara ya maƙale, rayuwarsa abin kallo ce: ba ya iya buɗe asusun banki, layin waya da sunan wani yake amfani, kuɗin da ya tara cikin matashin kai yake cusa su ko ya damƙa amana hannun wani. Ya hango motar 'yan sanda a bakin layi, sai ya saki ledar cefanensa ya shige lungu. Ƙarshenta sansanin Shumaisi da ake tsare waɗanda za a kora, a sako shi a jirgi da kayan jikinsa. Ko mai cikakkiyar takarda, in ya ɗauko iyali, Riyal 400 ake karɓa duk wata kan kowane mutum ɗaya. Mata da 'ya'ya uku, ka yi lissafin da kanka.

Sai maganar kuɗi, wadda masu zuwa Ingila suka ɗanɗana. A tsakiyar 2023 Dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Uban da ya sayar da fili ya lissafa kuɗin digiri na biyu tsaf, ya wayi gari abin da ke hannunsa bai kai rabi ba. Ɗalibi a can sa'a 20 kawai doka ta ba shi ya yi aiki a mako lokacin karatu, ga Fam 776 na kuɗin lafiya duk shekara, ga haya mai cinye kusan duk abin da ya samu. Tun Janairun 2024 kuma mafi yawan masu digiri na biyu ba sa iya tafiya da iyali. Ban ce kada a je ba. In gurbin karatu kyauta ka samu, ko aikin da za a biya ka da kuɗin ƙasar, Allah ya sa alheri, kama hanya. Amma ka ci da Fam, a riƙa aiko maka da Naira daga gida, wannan ganganci ne.

Dubai ba sai na ja ba: daga Oktoban 2022 zuwa Yulin 2024 an rufe wa 'yan Najeriya biza, mutane da shagunansu da kayansu a can suka koma kallo daga nesa. Arewacin Cyprus kuwa, da ejan-ejan ke tallatawa da sunan Turai, Turkiyya kaɗai ta yarda ƙasa ce. Najeriya ba ta da ofishin jakadanci a wurin. In wani abu ya sami ɗanka, ƙofar wa za ka ƙwanƙwasa?

Da ƙanena zai tambaye ni, kuma kuɗin gida za a kashe masa, Masar zan fara ambata masa, sannan Malesiya. Alƙahira ba aljanna ba ce. Layin sabunta iƙama zai gajiyar da shi, aikin yi babu, kuɗinsu ma ya sha faɗuwa a 2024. Amma akwai ofishin jakadancinmu, tafiyar sa'o'i kaɗan ce a jirgi, ga ɗalibanmu birjik a Madinatu Nasr da za su tarbe shi su nuna masa inda ake samun ɗaki. Ranar da aka ce mahaifiya ba lafiya, gobe yana gida.

Akwai kuma maƙwabta, waɗanda muke rainawa don ba a hoton dusar ƙanƙara a can. Da fasfon ECOWAS za ka shiga Gana ka yi kwana 90 ba biza, ka sauka a unguwar Nima ta Accra ko zangon Kumasi ka yi ciniki da Hausa tun daga safe har dare. A nan ma a buɗe ido: dokarsu ta keɓe ƙananan kasuwanci ga 'yan ƙasa, baƙon da zai buɗe harkar saye da sayarwa kuwa dokar 2013 ta nemi ya nuna jarin Dala miliyan ɗaya, kuma a 2019 da 2020 an garƙame shagunan 'yan Najeriya da dama a kan haka. Kakanninmu ma an taɓa koro su daga can a 1969, zamanin Busia, mu kuma muka rama a 1983. Duk da haka, in aka ce ka tashi daga Accra, kuɗin mota kawai kake nema, ba sai an haɗa maka gudummawa a masallaci ba.