"Quoth": "in ji" ɗin Turawa da suka bari ya mutu

Duk wanda ya ci karo da kalmar "quoth" a tsohon rubutun Turanci zai ɗauka ƙanwar "quote" ce. Ni ma haka na zata da farko, ashe ko kakanni ba su haɗa ba. "Quote" daga Latin ta shigo, asalinta batun sa wa babi-babi lamba ne. "Quoth" kuwa 'yar gida ce, daga "cwethan" na tsohon Ingilishi, wato faɗi. Danginta kusan duk sun ƙare, sai irin su "bequeath", barin wasiyya, da har yau lauyoyi ke amfani da ita.

Halinta ne ya fi ɗaukar hankalina. Ba ta da yanzu, ba ta da gobe, sai abin da ya wuce. Kuma kullum ita ke gaba, mai magana na biye: "quoth he". To jama'a, wannan ai "in ji shi" ne namu! Mu ma ba ma cewa "Audu in ji". Har akwai "quotha" da suke jefawa don gatse, kamar dai mutum ya maimaita maganarka ya ce "wai!"

A zamanin Chaucer, mawaƙin Ingila na ƙarni na 14, "quod" ake yawan rubutawa, kuma magana ce ta kowa da kowa. Sannu a hankali "said" ta ƙwace gidan.

Ra'ayina shi ne mutuwar tata ce ta ba ta kwarjini. Lokacin da Edgar Allan Poe na Amurka ya fitar da waƙarsa ta hankaka a 1845, kalmar ta riga ta zama kayan tarihi, kuma da gangan ya tono ta. Mutum na zaune tsakar dare yana makokin masoyiyarsa, baƙin tsuntsu ya shigo, duk abin da aka tambaye shi amsa ɗaya yake bayarwa: "Quoth the Raven, Nevermore," wato "Ba za a ƙara ba har abada, in ji hankaka." Ka sa "said" a wurin ka ji yadda hankakan zai koma aku. Da "quoth" kuwa, sai ka ji kamar daga kabari ake yanke hukunci.

Shi ya sa nake dariya idan na ga ɗalibi ya cusa ta a wasiƙa don burga. Kamar ka sa alkyabba ne ka tafi cefane. Mu dai namu "in ji" yana nan daram, a bakin dillaliya da mai karanta labarai a rediyo.