Tafasa ruwa ba ta fitar da gubar da ke kwance a Jakara da Challawa

Idan aka ce wa mutumin karkara ruwansa ba shi da kyau, ya san abin yi: ya jefa alif a randa, ya tace da ƙyalle, ya tafasa, in ya samu kulorin ya ɗiga. Duk wannan daidai ne a kan kwalara da taifot. Amma akwai wata ƙazantar, ta ƙarafa masu guba da maganin ƙwari, da waɗannan dabaru ba sa kawar da ita duka, kuma ita ce ke damuna game da garuruwan jihar Kano da ke bakin kogin Jakara, da madatsar Wasai a Minjibir, da gaɓar kogin Challawa har zuwa Wudil, inda ruwan ke miƙewa ya nufi Haɗeja.

Ruwan dagwalon masana'antun Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara. Na Sharaɗa yana bin Salanta ya faɗa Challawa. Kamfanonin jima na zamani ba da bagaruwa suke jeme fata ba kamar majeman gargajiya, da gishirin wani ƙarfe mai suna kuromiyum suke yi, kuma abin da fata ba ta sha ba yana fita tare da ruwan wanki. Ga dalma daga fasa tsofaffin batura, ga kadmiyum. Waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa. Suna kwantawa cikin laka, su jira damina ta motsa su, ko injin ban ruwa ya zuƙo su ya watsa a kan latas da alayyahu.

Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a kowace lita ta ruwan sha ita ce miligiram 0.01 na dalma, 0.05 na kuromiyum, 0.003 na kadmiyum. A dubi na dalma kaɗai: giram 1 ya isa ya kai ruwan jarka 4,000 masu lita 25 bakin wannan iyaka. Ba ya canja launi, ba ya wari, harshe ba ya jin sa. In ka ɗora lita 10 a wuta ta koma 9, tururi ne ya tafi, ƙarfen yana nan daram, sai ma ya ƙara kauri. Dalma tana daƙile ƙwaƙwalwar yaro, kadmiyum yana cin ƙoda a hankali cikin shekaru. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400, ya fito fili ne don yawanta. Wadda ake sha kaɗan-kaɗan kuwa, har ta gama ɓarna ba wanda zai ɗora mata laifi.

Sai dai ba duka laifin ne daga birni ba, kuma dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wanda ya zuba Gamalin a tafki don kifi ya taso ya kwashe, maganin ƙwari na lindan ya zuba, wanda yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm ta sa a jerin haramtattu tun 2009. Irinsa da maganin ƙwari na DDT ba sa son ruwa, kitse suke bi. Ƙananan halittun ruwa su sha, ƙananan kifi su cinye su, tarwaɗa da giwan ruwa su cinye ƙananan, a kowane mataki gubar tana taruwa. Shi ya sa babban kifin da ake yi wa ciniki da tsada, mai shekaru da maiƙo, shi ne ya fi ɗauka. Daga nan sai jikin uwa, sai nono.

Ba cewa nake a daina cin kifi ba; ga talaka shi ne naman da ke hannu. Amma in daga waɗannan ruwaye ya fito, a zaɓi matsakaicin karfasa a kan ƙaton tarwaɗa, musamman ga mai ciki, mai shayarwa da ƙananan yara. A fitar da kayan ciki duka, hanta da jan abin nan na cikin kunne, a ɗaye fata, a yanke kitsen ciki. A gasa a kan waya yadda mai zai ɗige, ya fi a dafa shi cikin romonsa. Wannan yana rage maganin ƙwari da ke cikin kitse, ba ya cire ƙarfen da ya shiga tsoka. Manomi kuma, in ya gama feshi, kada ya wanke famfo a bakin rijiya ko magudanar ban ruwa. Ya ɗauraye robar magani sau 3, ya juye ruwan ɗaurayar cikin tankin feshi, ya huda robar don kada ta koma ta ɗiban ruwa.

Iyakar abin da gida zai iya ke nan. Sauran yana wuyan hukuma, kuma ba sihiri ba ne. Kamfanin jima zai iya ware ruwan kuromiyum daban, ya zuba farar ƙasa har ƙarfen ya kwanta a ƙasan tanki, ya kwashe ya sake amfani da shi. An kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, a 2007 don irin wannan sa ido. Abin da zai nuna ana aiki shi ne a riƙa ɗibar ruwa a bakin bututun kamfani ba tare da sanarwa ba, har da dare.

Gwajin rijiyoyi ma haka. A ɗebi ruwa sau biyu a shekara, ƙarshen rani lokacin da ruwa ya ja baya, da kuma bayan ruwan farko. Na gwajin ƙarafa a tsabtatacciyar roba, na maganin ƙwari a kwalba mai duhu, a sa cikin ƙanƙara a kai ɗakin gwaji. A faɗi abin da ake nema ƙarara, domin gwajin da aka saba yi wa sabuwar rijiyar burtsatse yakan tsaya a ƙwayoyin cuta da gishiri. Malaman Jami'ar Bayero sun daɗe suna nazarin waɗannan koguna, amma sakamakon yana cikin mujallun Turanci. A karanta shi da Hausa gaban dagaci da Sarkin Ruwa da 'yan lambu. Rijiyar da ta wuce iyaka a shafa mata jan fenti, a bar ta don wanki, kuma ƙaramar hukuma ta haƙa wata nesa da gaɓa kafin a ce wa mutane su daina shan wannan.